Katin Asibitin Auta

Akwai wani mai gyaran firiji da ake kira Baban Auta, mutum mai rufin asiri da son raha. Autarsa tana fama da ciwon sikila. Shi ya sa da ya ji labarin wani ƙaramin kamfani da ke gwajin sabon maganin cutar, ya sayi hannun jarinsa kaɗan ta waya. Ba riba ce ta ja shi ba. Gani yake kamar da hannunsa ake haɗa wa 'yarsa magani.

Ana nan sai babban kamfanin da ke ɗaukar nauyin gwajin ya janye. Farashin hannun jarin ya faɗi warwas.

Sai ga amininsa, wanda ake tsokana da Sarkin Lissafi, ya faɗo shago yana haki, ya haye kan wani mataccen firiji ya zauna.

"Mutumina, yau ake saye! Abu ya yi arha kamar banza. Ni har motata na sa a kasuwa. Wani kamfanin zai ɗauki nauyin gwajin, mu warke gaba ɗaya."

Maganar ta shiga Baban Auta. Akwai asusun da shi da matarsa suka ware don ranar da ciwon Auta zai tashi. Katin asusun yana hannun matar, kuma sun yi alkawari ko kuɗin haya ba za su ciro daga ciki ba.

Ya same ta tana guga. "Maman Auta, ba ni katin nan. Ai don ita zan yi."

Ta ajiye dutsen guga ta dube shi. "Waɗanda suka janye sun fi ka sanin abin da suka gani. Kamfanin nan bai ma san sunan 'yarka ba. Ranar da ƙasusuwanta suka fara ciwo, hannun jari za ka miƙa wa likita?"

Abin ya yi masa zafi. Ya wuni yana kumbure-kumbure, har abinci ya ce ya ƙoshi, daga baya aka kama shi yana kankare tukunya. Amma bai sake zancen katin ba.

Ba a jima ba kamfanin ya dakatar da gwajin, hannun jarin ya zama banza. Sarkin Lissafi ya koma tafiya a ƙasa. A tsakanin nan ciwon Auta ya tashi, aka kwantar da ita, har da ƙarin jini. Katin nan ne ya biya komai, ba su roƙi kowa ba.

Ranar da aka sallamo ta, ta jingina da kafaɗar babanta ta ce, "Baba, maganin namu ya fito?"

Ya shafa kanta, zuciyarsa fal farin ciki. "Tukuna, Auta. Amma ga ki a gida, wannan ya ishe ni."

Darasi: Faɗuwar farashi ba ita ce garaɓasa ba, kuma fatan alheri ba ya maye gurbin bincike. Kada ka zuba jari da kuɗin da iyalinka suka dogara da shi ranar wahala. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na shirin karɓar katin gidansa yau.