Ƙwaron da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Akwai wasu ƙwari iri biyu masu dogon ƙaho, kamar an tsaga kara. Ɗaya ɗanyen itace take ci, ta kashe bishiya. Ɗaya kuwa baiwar Allah ce, ruɓaɓɓen kututture kawai take ci, kuma akwai farin zobe a ƙahonta. Ranar da Malam Gyare ya raɗa wa ƙwari suna, magariba ta yi, ga shi yana sauri. Sai ya haɗa su duka ya ce, "Mai-ƙaho."

To, ta kututture tana zaune a lambun wani mutum, Jatau, da 'ya'yanta. Sai mai cin ɗanye ta kashe mangwaro guda. Jatau ya tambayi maƙwabcinsa Barau, Barau ya ce aikin Mai-ƙaho ne. Sai Jatau ya bi kututture ya tattake 'ya'yan baiwar Allah.

Sai ta tafi wurin Gyare tana kuka.

"Malam, a raba ni da sunan nan. Dubi zoben ƙahona."

"Na gani, 'yar nan. Amma ba a raɗa wa babba suna. Kawo jariri ran bakwai, in ba shi sabon suna, zuriyarki ta gada."

Sai ta koma ta haifi uku. Kwana huɗu, wani mangwaron ya bushe. Jatau ya zo da wuta ya ƙone su.

Ta koma wurin Gyare.

"Malam, ba sa kai bakwai. Ka raɗa ran uku mana."

"Haka muka tarar, 'yar nan. Bakwai ne."

Ta sake haihuwa, wannan karon ɗa guda, don ƙarfinta ya ƙare. Ta ɓoye shi can cikin kututture, ba ta ci, ba ta barci. Ran shida yaro ya leƙo shan hantsi, kun san halin yara. Sai Jatau ya cafke shi.

Ya ɗaga shi ya duba da kyau. Uwar tana ƙarƙashin ɓawo tana kallo.

"Barau, zo ka gani. Wannan kamar daban yake, da farin zobe. Ban taɓa ganin irinsa a jikin mangwaro ba."

Barau bai ko matso ba.

"Yana da dogon ƙaho?"

"Yana da shi."

"To, Mai-ƙaho ne. Ko ka san wani sunan?"

Jatau ya nemi wani suna bai samu ba. Sai ya ajiye yaron a ƙasa ya sa ƙafa.

Washegari, ran bakwai, ta tafi wurin Gyare ita kaɗai. Ya shimfiɗa tabarma, ya tara baƙi.

"Na zaɓo suna mai daɗi. Ina jaririn?"

"Babu, Malam. Ko ni ka faɗa mini in ji shi sau ɗaya."

"Ba a faɗa sai a kunnen jariri."

Sai ya naɗe tabarmarsa ya shige rami da sunan a bakinsa. Ita kuma ba ta sake haihuwa ba. Mangwaron Jatau suka ci gaba da bushewa, har ba ko ɗaya da ya rage.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare nan. Ku dai yara, in idonku ya ga bambanci, kada ku bari suna ya rufe muku shi.