Hujajjen Takalmin Baba Jatau

An yi wani sarki a ƙasar Gangara, can a zamanin da ya shuɗe, ana ce da shi Ishiyaku, wanda Allah ya hore wa mulki da wadata da talakawa masu biyayya, amma ya jarrabe shi da tsoro guda ɗaya da ya hana shi jin daɗin ko ɗaya daga cikinsu. Kakansa ya rasu yana da shekara hamsin da biyu, mahaifinsa bai cika hamsin da ɗaya ba, shi kuwa ga shi ya shiga ta arba'in da tara, ƙafafunsa sun fara kumburi, numfashinsa na sarƙewa in ya hau matakala uku ta soron fada. Kullum safiya fadawa na ɗaga murya suna yi masa addu'ar tsawon rai, shi kuma yana jin su yana duban ƙafafunsa.

To, ya kamata mai karatu ya san al'adar wannan gida. Sarkin Gangara ba ya tafiya a ƙasa sai daga turaka zuwa karaga, ko masallacin da ke ƙofar fada za shi sai an ɗaura wa doki sirdi. Kuma hakimansa goma sha biyu kowa na aiko da akushi kullum, wannan da naman rago cikin man shanu, wancan da alkaki yana ninƙaya a zuma, kuma wajibi ne sarki ya ci daga kowane, domin mayar da akushin hakimi ba a taɓa ba cin mutunci ne da ba a mantawa.

Wazirinsa, Malam Mijinyawa, mutum ne mai zurfin ilmi da tsoron Allah, ko da yake, a faɗi gaskiya, shi ma tumbinsa ya riga shi shiga kowane zaure. Shi ne ya kawo labarin cewa a ƙauyen Rafin Gora akwai wani tsoho mai lambu, Baba Jatau, wanda ya haura shekara casa'in, yana da aure aka naɗa kakan sarki, kuma har yanzu da hannunsa yake ban ruwa. Nan take sarki ya sa aka ɗauko shi.

Da aka gurfanar da tsohon, sarki ya ce, "Baba, na kira ka ne don girmamawa. Ina so ka sanar da ni maganin da kake sha, ko layar da kake ɗaurawa, ka faɗi abin da kake bukata a ba ka."

Baba Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wallahi ni ban san wani magani ba. Albasa nake nomawa."

Sarki ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Ya ce lalle mai irin wannan sirri ba ya sakinsa rana ɗaya, saboda haka a ba tsohon ɗaki a cikin fada, a shimfiɗa masa kilisai, a riƙa kai masa irin abincin sarki, kada a bar shi ya ɗaga ko buta, har alheri ya tausasa zuciyarsa. Sa'an nan ya juya ga Waziri ya ce, "Kai ka kawo labarinsa, kai za ka kawo sirrinsa. Na ba ka kwana arba'in, in suka cika babu magani, rawaninka ya koma kan wani."

Waziri ya shafe kwana ashirin da biyar yana zuwa wurin tsohon, ya yi lallashi, ya yi dabara, ya kawo hujjojin malamai, amsa dai ɗaya ce, albasa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, amma shi ba mutumin da ke zama ya jira ƙaddara ta same shi a kan buzu ba ne. Ya ƙudura a ransa cewa in bakin mutum ya ƙi magana, gidansa zai yi, ya hau doki ya nufi Rafin Gora.

Matar tsohon, Iya Tabawa, wadda ita ma ta kusa tamanin, ta bar shi ya bincika ko'ina. Ya duba rufin ɗaki, ya leƙa randa, ya kwance ƙullin tsummoki, bai sami komai ba sai irin albasa da daddawa. Da ya ce zai zauna 'yan kwanaki ko zai ga abin da ya ɓuya, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, gida naka ne. Sai dai kun ɗauke mini mai ban ruwa, kuma albasa ba ta san Waziri ba. In za ka ci tuwon gidan nan, ga guga can."

Waziri ya tuɓe alkyabba ya kama guga. Ranar farko ya zaci ransa zai fita. Da rana ta yi, Iya ta ajiye masa tuwon dawa da miyar zogale a wata 'yar ƙwarya da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya cinye ya ɗaga kai yana jiran ƙari, ta ce, "Ƙwaryar maigidana ce, shekara sittin ban ga ya nemi ta biyu ba. Yakan ce a tashi tun baki yana so." Ran kasuwa ya bi maƙwabta a ƙasa, tafiyar rabin safiya, domin Baba Jatau bai taɓa hawa ko jaki ba. Da la'asar tsofaffin ƙauyen suka ja shi gindin ɗorawa, inda suke zama kullum suna tsokanar juna har hawaye ya zubo, kuma in biyu suka saɓa ba a tashi sai an sulhunta su. Ana idar da lisha kuwa, kowa ya nemi tabarmarsa.

Kwana goma sha biyu ya yi a haka. Ya lura barcinsa ya yi nauyi, mazagin wandonsa ya ƙara tsawo, gwiwarsa ta daina ƙara in zai yi sujada, amma da yake laya ya zo nema, bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya yi sallama cikin baƙin ciki. Iya ta miƙo masa 'yar ƙwaryar da wasu takalman fata da suka huje a dunduniya, ta ce, "Dogarai sun fizge shi ko takalmi bai sa ba. Ka kai masa, ka ce albasa ta kusa isa cira."

Ran kwana talatin da tara ya shiga ɗakin tsohon, abin da ya gani ya sa gabansa ya faɗi. Baba Jatau, wanda ya shigo fada a miƙe kamar sanda, yana kwance a kan kilisai, ido ya yi zuru-zuru, numfashi sama-sama, ga akusa jere an ɗan taɓa kowane don kada a ce ya raina kyautar sarki. Waziri ya yaye mayafi ya dubi ƙafafunsa. Sun kumbura sumul, irin kumburin da yake gani kullum a ƙarƙashin karaga. A nan ya gane abin da ya yi kwana goma sha biyu yana yi da jikinsa bai sani ba, kunya da tausayi suka kama shi lokaci guda. Ya kuma san cewa gaya wa sarki karamcinsa ne ke kashe baƙonsa na iya cin abin da ya fi rawani, amma ya yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai bar tsohon nan ya ƙara kwana biyu a ɗakin ba.

Washegari fada ta cika. Waziri ya sa aka shigo da Baba Jatau a kan shimfiɗa, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na zo da maganin. Sai dai ina roƙon a yi mini aikin gafara, a kife takalman sarki a gaban jama'a."

Fadawa suka ɗauki salati, amma sarki ya ɗaga hannu, aka kife su. Shekara bakwai da ɗinka su, ƙasansu fes kamar jiya baduku ya gama. Waziri ya ajiye hujajjun takalman a gefensu, ya ajiye 'yar ƙwaryar kusa da akusa goma sha biyu na ranar.

Ya ce, "Ajali na hannun Allah, babu mai ƙara masa sa'a ko ya rage. Amma lafiya amana ce, kuma ga yadda wannan bawan Allah ya riƙe tasa: ya tafi da ƙafarsa, ya yi gumi, ya ci kaɗan daga abin da ƙasa ta fitar, ya yi dariya da abokansa, bai kwana da fushi ba. Bai ɓoye wa sarki komai ba, shi kansa bai san magani ne ba. Mu kuwa muka raba shi da waɗannan duka da sunan girmamawa, muka yi masa kwana arba'in irin rayuwar da ake yi wa sarakunan Gangara tun kaka da kakanni. A dubi ƙafafunsa, sa'an nan sarki ya dubi nasa."

Sarki ya dubi ƙafafun tsohon, ya dubi nasa, har idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Baba, me kake so?"

Tsohon ya ce da ƙyar, "Allah ya ba ka nasara, a mayar da ni wurin albasata. In rayuwa ce in yi ta a can, in mutuwa ce ta same ni a can."

Sarki ya ce, "Na zalunce ka ina zaton ina karrama ka, ka yafe mini." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya tabbatar masa da rawaninsa muddin ransa. Sa'an nan ya zura takalma ya miƙe, aka ruga za a kawo doki, ya ce a bari. Da ƙafarsa ya raka tsohon har ƙofar gari, sai da ya tsaya sau huɗu yana haki, amma bai yarda kowa ya riƙe shi ba. Daga ranar ya sa doka, akushin hakimi ɗaya zai ci kowace rana bi da bi, a 'yar ƙwarya, sauran a raba wa mabukata da sunan masu aikowa, babu hakimin da ya ji an wulaƙanta shi.

Baba Jatau ya warware kafin a gama cirar albasa, ya ƙara damina shida a duniya. Ranar da ya rasu, Waziri Mijinyawa ya ga sarki, mai shekara hamsin da biyar, wanda ya wuce shekarun ubansa da na kakansa, ya taka tun daga fada har Rafin Gora bai tsaya ya huta ko sau ɗaya ba. Da suka cire takalma za a yi sallar gawa, Waziri ya kai ido kan na sarki, ya ga dunduniyarsu ta huje.

Masu hankali suka ce, jikin mutum shi ne talakansa na farko, kuma sarkin da ya koyi ba shi haƙƙinsa, ba ƙari ba ragi, shi ake sa ran zai yi wa sauran talakawa adalci.