Ramukan Don Anselmo

Akwai wani dattijo a layinmu, can gefen garin Phoenix cikin hamadar Amurka, ana ce masa Don Anselmo Quiroz. Lokacin da ya tare, gidaje shida ne kacal a layin. Bayansu sai tsakuwa da ƙaya har gindin duwatsu. Aikinsa sakar wa gonakin lemo ruwa, har aka sare gonakin aka yi gidaje a wurin.

Duk wanda ya zo daga garuruwan sanyi, abin da yake fara yi shi ne shimfiɗa koriyar ciyawa a ƙofar gida. Shi kuwa ramuka ya haƙa, masu faɗi marasa zurfi, gaba da bayan gidansa. Ya yi wa ruwan indararo hanya zuwa cikinsu, ya dasa 'yan itatuwan daji a bakinsu, ko gwiwa ba su kai ba.

Maƙwabcinsa Wendell Prokop mutumin Milwaukee ne, ɗaya daga garuruwan sanyin, sana'arsa sayar da na'urar sanyaya ɗaki. Kullum sai ya leƙo ta katanga.

"Don Anselmo, yau kuma wa za a binne?"

"Ruwan sama nake yi wa masauki, maƙwabci."

"Ruwan sama a nan? Ni tun da na zo sau uku na ga laima, biyu a kanti."

Bai tsaya a tsokana ba. Ya bi gida gida yana tara sa hannu, wai ramukan suna zubar wa layin da daraja. Jami'ai suka zo suka duba, ba su ga laifi ba, suka tafi. Don Anselmo kuwa ya ci gaba da gaishe da Wendell kowace safiya.

A haka aka yi shekara goma sha shida. Gari ya cim mana, ya wuce mu, kwalta ta rufe ko'ina.

Wani watan Yuli aka yi iska da ruwa mai ƙarfi na rabin awa. Turakun lantarki suka faɗi suka tare bakin layin, wuta ta ɗauke. Washegari da azahar, hannun ƙofa ma sai da tsumma ake kama shi. Gidan Wendell ya koma tanda. Matarsa Lorraine, mai ciwon zuciya, ta daina gumi, maganarta ta fara sarƙewa. Ya kira motar asibiti, aka ce sai an janye turakun.

Yana tsaye da tawul a hannu ya rasa abin yi, sai ga Don Anselmo a bakin ƙofa.

"Tun jiya ban ji muryar uwargida ba. Kama kujerar ta can, in kama ta nan."

Ina wurin lokacin da suka shigo da ita bayan gidan Don Anselmo, kuma har yau ban manta ba. Itatuwan sun haɗe a sama, rana sai ɗigo-ɗigo take saukowa. Titi ya bushe ƙayau tun safe, amma a nan ƙasa na da danshi, tana ƙamshi, don ruwan jiya duk ya nutse a ramukan. An rataya jiƙaƙƙun zannuwa tsakanin rassa, iska na ratsa su. Mu wajen talatin ne, da jarirai da tsofaffi, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar a wurin ibada. Tsuntsaye ma sun taru a reshe, ba sa gudun mutane.

Aka shafa wa Lorraine ruwa, aka yi mata fifita. Can ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon ganyen.

"Wendell, yaushe muka koma garinmu?"

"Ba mu koma ba. Katanga ɗaya muka tsallaka."

Bayan awa biyu motar asibiti ta iso. Ma'aikaciyar ta duba ta, ta ce da a cikin gida ta yi wannan jiran, da wuya su same ta da rai. Lorraine ta ƙara shekara tara a duniya.

Kafin su tafi, Wendell ya riƙe hannun dattijon, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ka san ni na kai ƙararka?"

"Na sani. Matata ma ka kawo wa takardar ta sa hannu."

"To me ya hana ka ramawa?"

Don Anselmo ya yi ɗan murmushi. "Ban samu lokaci ba, maƙwabci. Ina ta ban ruwa."

Darasi: Kada ka raina aikin mutum don ba ka ga amfaninsa yau ba. Idan kuma kai ake yi wa dariya, kada ka ajiye aikinka don mayar da martani; ka yi haƙuri, wata rana mai dariyar zai buƙace ka, kuma ka taimake shi ba tare da gori ba. Ku tura wa wanda kuka san ya kusa sarewa saboda maganar mutane.