Kafaɗar Awino

Akwai wata mata a garinmu Kakamega, ana ce mata Nanjala. Da safe tana asibiti tana yi wa mutane gashin ƙashi, da yamma tana fili tana buga ƙwallon zari-ruga. Shekara tara tana saka riga mai lamba bakwai a ƙungiyar mata ta ƙasa. Gwiwoyinta sun fara yi mata magana, gasa ɗaya take so ta ƙara bugawa kafin ta rataye takalmi.

Sai ga Awino daga Kisumu, 'yar shekara ashirin, ga gudu kamar an koro ta, ga baki ba linzami. Ita ma lamba bakwai take nema.

"Mama, je ki inuwa ki huta mana," haka take tsokanarta, "kar a kwashe ki a buhu!"

Saura kwana goma wasan tantance waɗanda za su je gasar, sai ga Awino ta lallaɓo asibiti ta turo ƙofa. Kafaɗarta ta hagu ta gurɗe.

"Don Allah, Yaya, kar kowa ya ji."

"Au, yau kuma na zama Yaya?" in ji Nanjala. "Zauna. In na ga da haɗari, ni da kaina zan hana ki wasa."

Kullum tana gasa mata. Kafaɗa ta yi sauƙin da za a iya wasa da ita, amma ba ta gama ƙwari ba.

Ranar wasa aka raba su gida biyu. Ana dab da tashi, Awino ta zari ƙwallo ta ruga, Nanjala ce kaɗai a gabanta, kuma ta ɓangaren kafaɗar hagun Awino. Bangaza ɗaya a kafaɗar nan ta isa. Doka ta yarda, alƙalin wasa ba zai busa ba. Nanjala kuma ta san wurin sarai, yatsunta ne suka yi kwana goma a kai.

Sai ta sunkuya ta nemi ƙafa. Wannan ɗan jinkirin ya ishi Awino, ta sulale ta dire ƙwallo bayan layi.

Sunaye suka fito, babu Nanjala. Da koci ya tambaye ta abin da ya same ta, ta ce, "Tsufa ne kawai." Wallahi ni na zauna kusa da ita a motar komawa gida, tun daga Nairobi take share hawaye. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko ni ba ta gaya wa dalili ba.

Bayan shekara uku ƙungiya ta tashi ɗaukar likitar gashin ƙashi. Awino, wadda ta zama kyaftin, ta miƙe a gaban shugabanni ta fayyace komai.

"Na ga idonta a kan kafaɗata, na kuma ga ta kauce," ta ce. "Mu 'yan wasa ɓoye ciwo muke yi don tsoro. Ku ba mu wadda ba za mu ɓoye wa ba."

Ranar da Nanjala ta kama aiki, ta tarar da layi a ƙofarta. Mutum bakwai, kowacce da ciwon da ta yi watanni tana ɓoyewa.

Darasi: Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Raunin da mutum ya nuna maka don ka taimake shi amana ce, kar ka mai da shi makami ko da kai ne za ka yi asara. Ku tura wa duk wanda mutane ke buɗe wa cikinsu.