Rigar da Safara'u Ta Ɗinka wa Sifika

Akwai wata mai ɗinki a Kwararafa, cikin garin Jos, sunanta Safara'u. Gidanta na Anguwan Rogo, kullum da safe take hawa Keke Napep zuwa shago. Hannunta na da kyau, wannan ba mai musu. Matsalarta ɗaya ce, ba a gaya mata magana. Kana buɗe baki za ta ce "Na sani," ko da yau ta fara ganin abin.

Tana kuma da wata ɗabi'a ta teloli: ba ta iya ganin abu tsirara a shagonta. Keken ɗinki da rigarsa, fanka da rigarta, har fulas ɗin shayi ta yi masa hula da ragowar leshi.

Bayan ƙaramar sallah ta sayi sifika mai jin magana, irin wadda ake kiran sunanta a ce ta sa karatu ko waƙa. 'Yar gajera ce kamar gwangwanin madara, da zoben wuta a samanta.

Wanda ya haɗa mata ita shi ne Datong mai gyaran waya, mijin ƙawarta Loyis. Da ya nemi imel ɗinta, ta ce ta manta lambar sirrin.

"Ba damuwa, Hajiya," in ji shi. "Bari in sa nawa, duk ɗaya ne."

Ta yi masa godiya, har ta zuba masa shayi.

Ita Loyis tumatir da kabeji take sayarwa a kasuwar Farin Gada. Tun firamare suke tare da Safara'u. Ko a shekarun da gari ya rikice, mutane suka daina shiga unguwannin juna, su biyun ba su rabu ba. Duk abin da Loyis ba za ta iya gaya wa 'yan cocinsu ba, shagon Safara'u take kawo shi.

Maƙwabciyar shagon, Adaora mai kayan kwalliya, tana da irin sifikar a gida. Ranar da ta gan ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Madam Safara'u, wannan wuta ba ado ba ne fa. In ya yi shuɗi, yana jin maganar ki. In ya yi kore, akwai mutum a kan layi. In kina so ya daina ji, ki danna wannan maɓalli har ya yi ja. Kuma akawun ɗin wa, wato imel ɗin wa, aka sa a ciki?"

Safara'u ko kai ba ta ɗago daga keke ba. "Na sani, Adaora. Ni na saye ta, ke ce za ki koya mini?"

Adaora ta ɗaga kafaɗa ta koma shagonta.

Ba a yi sati ba wutar ta fara damun Safara'u a ido, ga kuma ƙurar yadi tana sauka a kan sifikar. Sai ta yanki ragowar shadda mai kauri, ta ɗinka mata riga har da bakin leshi, ta kifa mata. A tunaninta abin da aka lulluɓe ya yi barci, kamar kazar da aka kife da kwando.

Abin haushin, ko da rigar a jikinta, in ta kira ta tana amsawa. Amma baiwar Allah ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ba: in shaddar tana toshe mata kunne, da me take jin kiran?

Wata safiya cikin damina, ana yayyafi da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, Loyis ta shigo ta lulluɓe fuska da gyale. Ba wuta, janareton Safara'u na ta ruri a bayan shago. Da Loyis ta yaye gyalen, Safara'u ta saki almakashi. Ido ɗaya ya rufe don kumburi, leɓe a fashe. Ga ciki ya fara fitowa.

"Innalillahi! Datong ne kuma?"

"Shi ne," in ji Loyis. "Wannan karo na bar gida. Yana nema na ko'ina, har kasuwa ya je. In ya same ni, ni da wannan ciki ba za mu kai ba."

"To yanzu ina kike kwana?"

Loyis ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan abin da ke kan kantar shagon cikin rigar shadda. Ta yi ƙasa da murya.

"Safara'u, ba wannan ne abin da ya haɗa miki ba? Ba ya ji?"

Nan ne fa. Miƙa hannu ɗaya ya isa. Ta ɗaga rigar ta duba, ko ta danna maɓalli, ko ta zare waya daga soket. Amma Safara'u ta yi 'yar dariya ta ce:

"Haba Loyis, ba ki ga a rufe take ba? Na san kayana. Faɗi maganarki."

Loyis ta yarda, don ba ta taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta ce tana garin Vom da ke wajen Jos, wurin Mama Gertrude, tsohuwar malamarsu ta firamare da ta yi ritaya. Gida mai jan ƙofa, bayan coci. Ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, don ta san da Datong ya yi kuka a gabanta za ta tausaya masa.

"Ke kaɗai kin sani," in ji ta. "Abeg, don Allah ki riƙe mini."

Safara'u ta dafa ƙirji. "Wallahi ko mijina ba zai ji ba."

Kuma ta cika alkawari. Ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da la'asar wayarta ta yi ƙara. Mama Gertrude ce. Ta ce Datong ya zo da rana tsaka lokacin da mutane suke gona, ya ɓalle ƙofa. Kafin maƙwabta su kawo ɗauki ya gama abin da ya kawo shi, ya gudu. Loyis na asibiti. Cikin ya zube.

Safara'u ba ta san yadda ta isa asibitin ba. A bakin ɗaki tsohuwar ta tare ta.

"Ba za ki shiga ba, 'yata. Da yana dukan ta, cewa yake yi, 'Gida mai jan ƙofa bayan coci, ko? Kin ɗauka ba zan sani ba?' Maganar da ta gaya miki ke nan, ba ragi ba ƙari."

Safara'u ta rantse da Allah, ta rantse da 'ya'yanta. Tsohuwar ba ta matsa daga bakin ƙofa ba. Ba abin da ya fi ciwo kamar ka san ba ka ci amana ba, amma duk shaida ta nuna kai ne.

Da safe ta buɗe shago don ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta zauna gaban keke tana kuka. Adaora ta ji, ta shigo, Safara'u ta kwashe labarin duka ta gaya mata, har da cewa 'yan sanda na neman Datong.

Tana cikin magana Adaora ta ɗora yatsa a baki. Ta taka a hankali zuwa kantar shagon, ta kama bakin leshin nan, ta ɗaga rigar.

Zoben wutar kore ne shar, yana juyawa.

Safara'u ta ce, "Datong?"

Aka ji numfashin mutum daga cikin sifikar. Sai wutar ta ɗauke.

Ashe tun ranar da ya sa akawun ɗinsa, yana iya buɗe layi daga wayarsa ya ji duk abin da ake faɗa a shagon. Sifikar ba ta ɓoye ba. Duk sanda ya shigo takan yi 'yar ƙara, ta kunna koren wuta. Ƙarar, janareto da keke suka haɗiye ta. Wutar kuwa, Safara'u ce da hannunta ta ɗinka mata abin rufewa.

Adaora ba ta ce "ai na gaya miki" ba. Ta zare wayar daga soket, ta raka Safara'u ofishin 'yan sanda da sifikar a leda. Bayan 'yan kwanaki aka kama Datong.

Sai a lokacin aka bar Safara'u ta shiga wurin Loyis. Ta durƙusa a gefen gado ta yi bayani tana kuka, tun daga imel har rigar shadda. Loyis na kwance, hannu a naɗe, tana kallon silin.

"Na yarda ba ki faɗa wa kowa ba," in ji Loyis.

Safara'u ta kama hannunta mai lafiya. Loyis ta zare shi a hankali.

"Amma na tambaye ki, Safara'u. Kafin in buɗe baki na, na tambaye ki. Kika ce kin sani."

Ta juya fuskarta bango.

Da aka sallame ta, danginta suka tafi da ita ƙauye. Wata mata ce yanzu ke zama a rumfarta ta Farin Gada. Safara'u na nan tana ɗinki a Kwararafa, kuma masu kai mata aiki sun ce sun daina jin "na sani" a bakinta. Takan kira lambar Loyis duk ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Wayar tana shiga, ba a ɗauka.

Darasi: Laifin duka na wanda ya yi dukan ne, amma "na sani" ce ta nuna masa ƙofa. In kana da na'ura mai jin magana a gida ko a shago, ka koyi abin da kowace wuta take nufi, don launin wani kamfani ya bambanta da na wani. Kada ka rufe wutar, kada ka bari a haɗa maka da akawun ɗin wani, kuma kafin a ba ka amana ka kashe makirufo ko ka zare waya. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, domin wani ran rayuwar wani ce ke rataye a kan amsarka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu shagon da mutane ke zama suna buɗe cikinsu.