Turaren da Ya Kwantar da 'Yan Suna

Akwai wani dillalin fatu a Fagge, zamanin da Turawa suka fara tunanin tattara komatsansu, ana ce masa Alhaji Sammani. Makka dai bai taɓa gani ba, amma rawaninsa ya fi na wanda ya je sau biyu.

Fatun nan rufa-ido ne. Ainihin sana'arsa wani baƙin ƙaro ne mai sa maye, wanda Larabawa ke kira afiyun. Can gabas ake tatso shi daga jikin wani fure, ya hau jirgin ruwa, ya hau raƙumi, ya biyo mota ta Borno, ya sauka a ɗakin Alhaji. Kayan na wasu manya ne, shi nasa kawai ya cusa cikin fatu, wani direba a Sabon Gari mai suna Nwabueze ya kai Ikko, daga nan sai Turai.

In kaya na gida, Alhaji ba ya iya zama. Ya leƙa zaure, ya koma ɗaki, ya sake leƙowa.

Matarsa Yakaka, 'yar Borno, gwanar haɗa turaren wuta, ta gaji ta ce, "Alhaji, wai mene ne a ƙunshin nan da kake wa gadi?"

Ya ce, "Ƙaron turare ne na matan sarakunan Turai. Ya fi ƙarfin hancinki, balle kaskonki."

Kun ji ganganci. Ba a gaya wa 'yar Borno akwai turaren da ya fi ƙarfinta.

Lokacin 'yarsu Bintu ta zo wankan gida, haihuwar fari. Ranar suna Yakaka ta faki idonsa, ta ɓantaro mai kauri daga ƙunshin, ta ɗora a garwashi a ɗakin mai jego, ta saki labule.

Kafin azahar mai guɗa ta yi barci da guɗa a baki. Tsofaffin da suka zo gulma suka jingina da juna suna murmushi.

Aka fito da su iska, kowa ya farfaɗo, ban da jaririn. Numfashinsa sama-sama.

A asibiti likita ya ce, "Me ya shaƙa? In ban sani ba, ban san ta inda zan kama ba."

Ga ɗan doka zaune a benci, kunne a buɗe.

Yakaka ta ce, "Turaren Alhaji ne. Alhaji, faɗa masa sunansa mana."

Alhaji ya je bakin ƙofa ya dawo. Ya dubi ɗan doka, ya dubi jikansa. Ya share gumi, ya ce, "Afiyun ne."

Da la'asar jariri ya canyara kuka. Alhaji ya jiyo shi daga baranda, hannuwansa cikin ankwa. Manyan da ke da kayan kuwa, har ya gama zaman gidan yari, ko gaisuwa ba su aiko ba.

Darasi: Gubar da kake miƙa wa 'ya'yan wasu, kana cewa can nesa za ta, a gidanka take kwana kafin ta wuce. Ku tura wa duk wanda ke ganin shi ɗan saƙo ne kawai.