Tantin da Aka Tafi da Shi Cikin Ledarsa

Akwai wani injiniya a Riyad, sunansa Muhyiddeen, yana zaune a unguwar Suwaidi da iyalinsa. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Amma yana da hali guda: duk abin da ya karanta a waya, to ya gama saninsa, ba mai ƙara masa ko wasali.

Da sanyi ya shigo, shi da amininsa Bashari, mai sayar da yadi a kasuwar Dira, suka shirya fita cikin duwatsun da ke yamma da gari. Za su ajiye mota, su taka da ƙafa, su kwana ɗaya a can, washegari su dawo.

Shi Bashari yana da ciwon suga. In lokacin cin abincinsa ya gota, sai jikinsa ya kama rawa. Matarsa Bilƙisu ta ce ita ba ta yarda da tafiyar nan ba.

Muhyiddeen ya bugi ƙirji, ya ce mata, "Madam, ki bar mini shi. Wurin kwana da girki duk a wuyana. Magariba na yi zai ci shinkafa da zafinta."

Tun daga ranar ya shiga sayen kaya, kuma ba ya sayen komai sai mara nauyi. Ya ɗauke ma'aunin kicin ɗin matarsa, duk abin da zai shiga jaka sai ya hau kansa. Har mariƙin buroshin haƙori ya yanke, wai ya rage giram shida.

A lokacin mahaifiyarsa, Hajiya Balki, ta zo musu ziyara daga gida. Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, amma tun tana ƙarama ta ci kasuwannin ƙauye da ƙafa, tana bin babanta da kayan kanwa a ka.

Ranar Laraba da yamma ta fito falo ta tarar ya baje kaya a ƙasa. Ta ja kujera ta zauna, ta miƙa hannu ta ɗauki wani ɗan ƙulli cikin leda.

"Injiniya, wannan kuma mene ne?"

"Tanti ne, Inna. Ɗakin mutum biyu. Bai kai kilo ɗaya ba."

Ta jinjina shi a tafin hannu, ta sake jinjinawa. "Ikon Allah. Ɗaki guda, amma kazar gidanmu ta fi shi nauyi. Kwance mini in ga ƙofarsa."

"Ba a kwancewa, Inna. In na kwance, ba zai koma yadda kamfani ya naɗe shi ba."

Ta ajiye. Ta ɗauki wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, kamar kaguwa. Ya ce murhu ne, daga waje aka aiko masa. Ta leƙa ƙarƙashinsa, ta tambayi inda wuta take fitowa. Ya nuna mata doguwar kwalbar gas da ya sayo a wani shago kusa da gida, ya ce a kanta ake ɗaurawa.

"To ɗaura in gani."

"Gas ɗin zai ragu."

Sai bargo, wanda ake shiga cikinsa kamar buhu a ja zif. Wannan kam ta shinshina shi, ta matsa shi, ta ce abin ya burge ta. "Da mun sami irinsa a hanyar Maigatari, da ban yi tarin da na yi ba."

Can gefe ta ga sanduna biyu na tafiya da ƙullin sukari, an ware su. Ya ce su ba za su ba. Sandunan nauyi ne kawai, shi ba tsoho ba ne. Sukarin kuma giram ɗari biyu ne na banza, a sha shayi haka.

Hajiya Balki ta gyara zama.

"Ka ga babana, Allah Ya jiƙansa, in gobe tafiya, yau ba ma kwana a ɗaki. A tsakar gida muke kwana, da kayan da muka ɗaure kaɗai. A nan za mu dafa, a nan za mu shimfiɗa. Abin da gari ya waye ba mu taɓa ba, sai ya ce a cire. Abin da ya sa wani ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko, sai ya ce a ƙara. Ku ma ga saman gininku nan fili fetal. Hau gobe ka gwada."

Muhyiddeen ya yi dariya. "Inna, wancan zamanin jakuna ne. Kayan nan mutum dubu huɗu ne suka yaba su a intanet."

"Su dubu huɗun, da su za ku dajin?"

Ya ci gaba da awonsa. Ita kuma ta tashi ta tafi alwala.

Ranar Juma'a, ana sallamewa suka kama hanya. Suka ajiye mota inda titi ya ƙare, suka taka awa biyu da rabi. Gaskiya jakar ba nauyi, Muhyiddeen har yana ɗaukar hotonta. Bashari yana tafe yana jefa dabino a baki, har ya rage saura uku a aljihu.

Bayan sun yi La'asar a gindin wani dutse, Bashari ya ce, "Yalla, maza, Injiniya, a ɗora tukunya. Na sha magani tun rana, kuma ban ci wani abin kirki ba, shinkafarka na dogara da ita."

"Mafi mushkila, ba matsala. Bari in kafa ɗaki tukun, minti biyar."

Ya farke leda, ya zazzage. Ga yadi, ga igiyoyi, ga turaku. Ya sake zazzagewa. Babu ƙarafan da za su ɗaga tantin. Wata 'yar takarda ta faɗo, da zane a jiki: tanti a tsaye, sandunan tafiya biyu sun tokare shi. Ashe abin da ya sa ba shi da nauyi ke nan. Sandunan kuwa suna can bayan ƙofar falo a Suwaidi.

Bashari ya kalli zanen, ya kalli abokinsa. "Wato mayafi muka yi wa dako?"

"Bari dai mu ci abinci."

Ya ɗauko murhu, ya ɗauko kwalbar gas. Bakin murhun irin na murɗawa ne, bakin kwalbar kuma irin na dannawa. Ya juya ta nan, ya juya ta can. Ko kusa ba su san juna ba. Ya ciro waya zai duba, babu sabis ko layi ɗaya.

Da ya ɗago, sai ya ga Bashari ya daina wasa. Ya jingina da dutse, gumi na tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi, hannunsa na kaɗawa.

"Muhyi, jikin ya fara. Miƙo sukari."

Sukari kuwa an baro shi a gida. Muhyiddeen ya laluba aljihun Bashari, ya ciro dabino ukun nan, ya sa masa a baki ɗaya bayan ɗaya. Mota tana nesa, rana tana shirin faɗuwa, abincin da ke jaka kuma ɗanyar shinkafa ce.

Ya tashi da gudu neman abin ƙonawa. Ba itace a wurin. Abin da ya gani a kwarin ƙasa shi ne busasshen kashin raƙuma. Injiniya guda, mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki, ya durƙusa yana tsince shi da hannu yana tarawa a gaban rigarsa.

Ya jera duwatsu uku, ya yayyaga takardar tantin ya kunna, ya kwanta rub da ciki yana hurawa, hayaƙi na shiga idonsa. Sau biyu tana mutuwa. A na uku ta kama.

Tukunyar ba kauri, gindin shinkafar ya ƙone, samanta bai gama nuna ba. Haka ya riƙa ba Bashari a baki, yana kiran sunansa kada ya lumshe ido. Sai can Bashari ya ja dogon numfashi, ya ce, "Kalas, shi ke nan, na dawo. Amma wallahi ko a kurkuku ba a wannan girki."

Muhyiddeen bai iya dariya ba. Hawaye ne ya zubo masa, ya ce hayaƙi ne.

Suka lulluɓa da yadin tantin a bayan dutse, gari na wayewa suka lallaba zuwa mota.

Da ya shiga gida, rigarsa na warin hayaƙi, Hajiya Balki tana zaune tana jan carbi. Ba ta yi masa faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ɗan mutane fa?"

"Ya tsira, Inna. Da ƙyar." Ya zauna a ƙasa gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta ce a miƙo mata murhun da kwalbar. Ta haɗa bakinsu, ta ga ba su shiga ba, ta ajiye. "Wannan ai ko ni da ban yi boko ba, minti ɗaya ya ishe ni in gane. Tashi ka yi wanka, ka je ka ba matarsa haƙuri. Da ƙafarka, ba ta waya ba."

Ya je. Bilƙisu ta bar shi tsaye a ƙofa ya daɗe kafin ta ce ya shigo.

Bayan wata guda, ya sayo kwalbar da ta dace, ya je shagon Bashari a Dira yana sosa ƙeya, ya ce ko za su sake gwadawa kafin zafi ya dawo.

Bashari ya ci gaba da auna yadinsa, bai ko ɗago ba.

"Zan je. Amma Bilƙisu ta kafa sharaɗi, ni ma na sa hannu. Kai ka ɗauki jaka, Inna ce za ta ɗaure ta."

Darasi: Kada ka ɗora ran wani a kan kayan da hannunka bai taɓa gwadawa ba, komai kyansu, komai yawan masu yabonsu. Ka kwance, ka kunna, ka kwanta a kai tun kana gida. Kuma in babba ya ce gwada, to ka gwada, ba a rage maka komai ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da taurin kai irin na Injiniya, tun bai ɗauki ɗan wani ya shiga daji da shi ba.